A rubuta farashi kusa da kaya ko a bar masu ciniki su daidaita?

A wasan harbe-harbe na kwamfuta mai suna Team Fortress 2 akwai hulunan da ba sa ƙara wa mai su ƙarfi, ba sa kuma kare shi daga harsashi. Ado ne kawai: wata wuta ke ci a kanta, wata taurari ke kewaya ta. Ana ce musu Unusual, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka sayar a kan dubban daloli, kuɗi na gaske ba na wasa ba. Yaro zai buɗe akwatin sa'a na cikin wasan, irin wannan hula ta faɗo masa, kafin ya gama murna wani da bai taɓa sani ba ya aiko masa da saƙo cikin fara'a: ga bindigogi goma da huluna uku, mu yi musaya. Yaro ya ƙirga, kaya goma sha uku a bakin guda ɗaya, ya amince yana ganin shi ne ya yi wayo. Sai bayan kwana biyu wani ya gaya masa abin da ya bayar ya ninka abin da ya karɓa sau ɗari. A Kano sai a ce an wanke gara. 'Yan wasan kuwa sunan kifin nan na teku mai haɗiye ƙananan kifaye suka laƙaba wa masu wannan sana'a.

Duk wanda zai buɗe shafin da ake cinikin irin waɗannan kaya na cikin wasa, ko yake neman wanda zai riƙa ciniki a kai, sai ya tsaya a kan tambaya ɗaya: a rubuta lamba kusa da kowane kaya a ce ga kimarsa, ko a bar mai kaya da mai saye su daidaita tsakaninsu? Da jin labarin yaron nan mutum zai ce ai amsar a fili take. Ni ma da haka nake gani. Sai dai an shafe fiye da shekara goma sha biyar ana gwada kowace hanya a wasanni daban-daban, kuma babu wadda ba ta bar tabo ba.

Abu huɗu ake kira farashi, kuma rabin gardamar daga cakuɗa su ta samo asali. Akwai abin da mai kaya ya yanka. Akwai abin da mai saye ya taya. Akwai abin da aka sallama a kai, aka biya, kaya ya sauya hannu. Waɗannan ukun kowace kasuwa tana da su, daga Kantin Kwari har Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta. Na huɗun ne ake taƙaddama a kai: lambar da wani na gefe, wanda ba shi ne mai kaya ba kuma ba shi zai biya ba, ya rubuta ya ce haka ya kamata a saya. Ita zan riƙa kira farashin shawara. A kasuwar dabbobi wannan aikin dillali ne, sai dai dillali mutum ɗaya yake raɗa wa a kunne, shafi kuwa dubban mutane yake faɗa wa lokaci guda.

Abin da lambar ke tsare wa mutum

Kamfanin Valve, mai wasan, ya buɗe musayar kaya a Team Fortress 2 a ƙarshen Satumba na 2010, amma bai ba 'yan wasa kuɗin da za su yi ciniki da shi ba. Sai suka ƙirƙiro nasu. Makamai biyu ake narkarwa a sami tarkacen ƙarfe ɗaya, tarkace uku su ba da na tsakiya, na tsakiya uku su ba da tataccen ƙarfe, wanda kowa ke kira ref. Wato ref ɗaya makamai 18 ke nan. Sama da shi akwai makullin akwati, wanda shagon wasan ke sayarwa dala 2.49. Sama da makulli kuma, a shekarun farko, akwai wani abin saƙalawa a kunne da aka raba kyauta ga masu kwamfutar Mac a 2010, shi ne ya zama babbar takardar kuɗi. Harkar ta yi girman da a 2012 Valve ya ɗauki masanin tattalin arziki Yanis Varoufakis aiki don ya nazarci waɗannan kasuwanni, mutumin da bayan shekara uku ya zama ministan kuɗin Girka.

To, ɗauki sabon shiga ka jefa shi cikin wannan kasuwa. An ce masa wannan hular ref 1.33 ce, waccan makulli biyu da ref 3.66, kaya kuma dubbai ne, kowanne da launinsa da irinsa. Ba zai gane gaba ba balle baya. Abin da ya ɗaga shafin backpack.tf ke nan. Ɗan wasa zai kawo shawarar farashi tare da shaidar cinikin da aka yi kwanan nan, jama'a su jefa ƙuri'a, masu kula da farashi su amince ko su ƙi. Idan an amince, lambar ta hau kan kayan, kowa ya gani, har jimillar jakarka ma a lissafa maka.

Wanda ya yi karatun zaure ya biyo ta babin ciniki ya san hanin da aka yi na tarbar ayari, wato a fita bayan gari a tare fatake a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su ji yadda ake sayarwa. Illar ba a arahar take ba, a rashin sanin take, shi ya sa aka ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa ya ga an ƙware shi. Mai aiko wa yaro saƙo minti biyu bayan buɗe akwati tarbar ayari yake yi, kuma lambar da ke rubuce kusa da hular ita ce ƙofar kasuwar da ba ya so yaron ya kai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a nuna, kuma ban ga wanda ya rushe ta ba.

Sauran amfanin ƙanana ne amma na gaske ne. Ciniki yana sauri, ba sai an ɓata rabin sa'a ana "nawa ka saya?" ana "albarka" a kan abin da bai kai kuɗin pure wata ba. Musayar kaya bakwai da kaya tara takan yiwu saboda kowane ɓangare yana iya haɗa jimilla. Ƙorafin da ke zuwa wa mai shafi ma yana raguwa.

Inda take cizo

A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa wani gwaji da ya yi suna. Suna juya wata ƙafar caca mai lambobi a gaban mutum, ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan su tambaye shi kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsakiya 25 ce, waɗanda suka ga 65 kuwa 45. Lambar da mutum ya ga da idonsa daga caca ta fito ma ta ja shi haka, ina ga wadda ke ɗauke da tambarin shafin da ya amince da shi?

Abin da ke faruwa a aikace shi ne kalmar "shawara" tana ɓacewa cikin mako guda. Mai saye ya ɗauki lambar a matsayin rufi: daga nan zai fara neman ragi, ya ce ai shi tsaba zai biya, sai an sauke masa kashi ashirin. Mai kayan da ya yanka sama da ita kuma a ce masa macuci, ko da kayan nasa ya yi ƙaranci kuma masu nema sun yi yawa. Daga nan sai abin ya zama zagaye: an gina lambar ne daga cinikin da aka yi, cinikin kuma an yi shi ne ana kallon lambar. Shafi yana cewa shi madubi ne kawai, alhali hannunsa na kan sikeli.

Gardamar makulli ita ce babban misali. Wajen 2012 makulli ɗaya bai kai ref uku ba, daga baya ya haura hamsin. Shekara da shekaru 'yan wasa suna ɗora wa backpack.tf laifi, suna cewa duk lokacin da aka amince da ƙarin farashi sai masu makullai su ƙara a kan sabon, a sake kawo shaida, a sake ƙarawa. A ganina sun kama reshe ne sun bar tushe. Makulli yana ɗaure da dala 2.49, ƙarfe kuwa daga makaman da wasan ke rabawa kyauta kowane mako ake samunsa, kuma tun da wasan ya zama kyauta a 2011 mutane suka buɗe asusu rututu don tara shi. Abin da ake bugawa ba iyaka dole ya faɗi a gaban abin da ake saye da dala. Amma masu ƙorafin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba: lambar ba ita ta haddasa hawan ba, ita ce ke sanar da kowa rana ɗaya, kuma labarin hawa shi kansa yana sa masu kaya su riƙe.

Ɗan Nijeriya ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. A Satumba na 2021 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya zargi shafin AbokiFX da murɗa farashin dala a kasuwar bayan fage, shafin ya dakatar da wallafa farashi. Naira ba ta daina faɗuwa ba. Wanda ke son canji sai ya koma kiran ɗan canji a Wapa ya ji daga bakinsa, kuma wanda bai san kowa a can ba shi ya fi shan wuya. Cire lambar bai gyara kasuwa ba, barinta ma ba ta taɓa zama ɗan kallo zalla ba.

Cizo na biyu ya fi muni, domin da gangan ake yin sa. A fiƙihu ana kiran sa najashi: mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. A dandalin wasanni na Roblox kowane kaya mai iyakantaccen adadi yana da lamba da ake kira RAP, matsakaicin farashin da aka sayar da shi kwanan nan, kuma kowane sabon ciniki yana jan lambar kimanin kashi ɗaya cikin goma na tazarar da ke tsakaninsu. A ɗauki misali. Kaya yana kan Robux 1,000, wato kuɗin cikin Roblox, kana da guda ashirin. Ka sa ɗaya a kan 100,000, ka saye shi da wani asusunka. Roblox ya cire la'adarsa ta kashi 30, ka yi asarar 30,000. Amma lambar ta tashi zuwa 10,900, kuma duk ashirin ɗin sun hau tare. Yanzu sai ka shiga neman yaran da ke kallon jimilla kawai, ka ba su wannan kumburarren kaya ka karɓi nasu na gaske. Dabarar ta yi yawan da shafin Rolimon's ya ware alama ta musamman da yake liƙa wa irin waɗannan kaya, ya kuma riƙa fitar da tasa kimar dabam da RAP. Ka ga lambar da aka kafa don kare yaro ita ce aka yanka shi da ita. Kuma dubi yadda maganin ya kasance: lamba ta biyu ce ke gadin ta farko.

Na uku tsufa. A ƙarshen Yuli na 2019 wata tangarɗa ta sa wasu tsofaffin akwatunan Team Fortress 2 suna fitar da Unusual duk wanda aka buɗe. Cikin sa'o'i kasuwa ta cika da hulunan da jiya ba a samu, akwatunan da ba wanda ke kallo suka yi tsada. Farashin da sai an kawo shaida an jefa ƙuri'a ba zai iya bin wannan gudu ba. A Oktoba na 2025 an sake ganin irinsa a wasan Counter-Strike 2, lokacin da Valve ya ba da damar haɗa kaya biyar na babban aji a sami wuƙa ko safar hannu: farashin wuƙaƙe ya rikito cikin dare ɗaya. A irin waɗannan ranaku wanda ya dogara da lambar jiya shi ne gara, wanda ya karanta sanarwar kamfani da wuri shi ne mai wanki. Kuma ba sai an yi girgizar kasuwa ba. Akwai hulunan da shekara ke zagayowa ba a yi cinikin irinsu ko sau ɗaya ba, lambar tana nan zaune kamar jiya aka rubuta ta.

Na huɗu shi ne wanda ya fi gamsar da ni cewa amsa ɗaya ba za ta game kowane kaya ba. A Counter-Strike, tun da aka kawo fentin bindigogi a Agusta na 2013, kowace bindiga tana da lambar tsufa tsakanin 0 da 1, da lambar zane ɗaya daga cikin kusan dubu. AK-47 mai fentin Case Hardened ta gama-gari ɗaruruwan daloli ce. Mai zane na 661, wadda samanta shuɗi ne kusan duka, wata duniya ce dabam, har an ba da rahoton sayar da wata a kan sama da dala miliyan 1 a 2024. Suna ɗaya, hoto kusan ɗaya. Shafin da ya rubuta farashin gama-gari a ƙarƙashin mai 661 ya yi wa mai tarbar ayari rabin aikinsa, har ya ba shi shaidar da zai nuna: "Duba da kanka, ga farashinta nan, ni ma ƙari na yi maka."

Idan shawara ta zama doka

Wasu kamfanoni sun wuce nunawa, suka ɗaure ciniki da lambar. Jagex, mai wasan RuneScape, ya buɗe babbar kasuwarsa ta Grand Exchange a Nuwamba na 2007 da farashin jagora, ba a yarda ka saya ko ka sayar da nisan da ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa da shi ba. Farkon 2008 aka ƙara ƙa'idar cewa musaya tsakanin mutum biyu dole ta zo kusan daidai bisa wannan farashi. Manufar ita ce a toshe masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Sakamakon? Kayan da kimarsu ta gaske ta wuce ta jagora suka ɓace daga kasuwa, don ba mai sallamawa da hasara. Sai 'yan wasa suka koyi cika ciniki da tarkace: mai kayan tsada ya haɗa maka da tarin shirgin da kasuwa ta rubuta wa kima amma ba mai so, domin jimillar ta kai abin da yake nema. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma suka riƙa saye kaya guda a saman iyaka kullum har lambar ta hau, su zubar wa mabiyansu. An kai ga ƙuri'ar jin ra'ayi, fiye da mutum miliyan ɗaya suka jefa, kashi 91 suka ce a dawo da ciniki sakaka, aka dawo da shi ranar 1 ga Fabrairu 2011.

Masu buga FIFA sun ga nasu. A Maris na 2015 EA, kamfanin wasan, ya sanya wa farashin kowane katin ɗan ƙwallo a Ultimate Team, sashen da ake haɗa ƙungiya da katuna, iyakar ƙasa da ta sama, shi ma don yaƙar masu sayar da tsabar wasa. Duk katin da rufinsa ya yi ƙasa da abin da mutane ke son biya sai a neme shi a rasa, sai wanda ya kwana yana danna bincike ko mai manhajar da ke yi masa. Tsarin yana nan har yau a EA Sports FC, magajin FIFA, ana ɗaga rufin lokaci-lokaci idan kati ya ɓace. Duk wanda ya taɓa bin layin mai a farashin gwamnati, ga 'yan bumburutu a bakin titi da jarkoki cike, ya san wannan labari. An ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Kamfanin wasa yana da dalilinsa na ɗaurewa, tunda yaƙi yake da masu sayar da tsaba. Shafi mai zaman kansa ba shi da wannan dalili, don haka wannan hanya a ajiye ta gefe.

Idan kuma ba a rubuta komai ba

Wasan Path of Exile ne ya fi daɗewa a wannan ɓangare. Kamfaninsa, Grinding Gear Games na New Zealand, ya fito fili a 2017 ya ce sauƙin ciniki fiye da kima yana ɓata wasa. Shekaru da yawa abin da kake gani kawai shi ne abin da masu kaya suka yanka, sai ka aika wa mutum saƙo ku haɗu ku yi musaya. Sai masu wayo suka riƙa jera kaya da arha ba da niyyar sayarwa ba. Sabon shiga ya duba, ya ga biyar na farko duk ƙasa suke, ya sa nasa daidai da su, cikin daƙiƙa ɗaya waɗanda suka jera na bogin su saye. Najashi ne aka juya shi kai ƙasa.

Ga abin da masu cewa a ɓoye ba sa son ji: ɓoye farashi ba ya kawar da shi. Tsohon hannu yana da shafukan farashi irin su poe.ninja da FUTBIN, ko 'yar manhajar da ya liƙa wa burauzarsa tana rubuta masa lamba a kan shafinka ko ka so ko ka ƙi. Bot-bot, wato manhajojin da ke ciniki da kansu dare da rana, su ma da nasu lissafin. Mutum ɗaya ne ke shiga shafin da ido rufe, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar gani. Abin lura, a 2024 Grinding Gear Games ɗin da kansa ya kawo wurin canji mai nuna yadda ake musaya, amma na kayan da ke zaman kuɗi, waɗanda ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Layin da suka ja a nan shi ne layin da ya dace.

Hanya ta uku: nuna abin da aka biya

Kasuwar Steam, wadda aka buɗe a Disamba na 2012, ba ta ce maka ga abin da ya kamata. Tana nuna zanen hawa da saukar farashin da aka sallama a kai tare da adadin da aka sayar, ga jerin masu tayi a gefe, ga jerin masu yankawa a ɗaya gefen. Kai ne za ka yanke. Bambancin ba ƙarami ba ne. Farashin shawara yana ɓoye ƙarfin shaidarsa: lambar da ta fito daga ciniki dubu biyar da wadda ta fito daga ciniki biyu kamarsu ɗaya a ido. Tarihi kuwa yana tona kansa. Idan ka ga layi a kwance wata shida sannan tsalle ɗaya jiya, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ita ma da aibinta. Kuɗin da ka samu a Steam ba ya fita daga asusun Steam, kuma ana cire kashi 15 a kayan wasannin Valve, shi ya sa farashin can yakan ɗara na wuraren da ake biyan tsaba. Shafin da ya kwafo shi ya liƙa a matsayin kima ya ruɗi mutane. Sannan tarihi sai wanda ciniki ke bi ta hannunsa. Shafin da aikinsa kawai haɗa mutum biyu su je su ƙarasa a wani wuri bai san a nawa aka sallama ba, kuma idan an yi musayar hula da hula babu lambar da za a rubuta sai an koma ga wata kima. Sabon shiga ma ba lallai ya iya karanta zane ba.

To wanne za a ɗauka?

Ka fara da duba kayan, ba ra'ayin masu surutu ba. Idan irin wanda ake sayar da ɗaruruwa a rana ne kuma kowanne daidai yake da ɗan'uwansa, kamar makulli, ƙarfe, akwati ko katin ɗan ƙwallo na gama-gari, nuna lamba ba tare da fargaba ba. Murɗa farashin irin wannan yana da tsada, kuma kasuwa tana gyara kuskure da kanta kafin yamma. Mafi kyau ka nuna biyu, tayi mafi girma da yanka mafi ƙanƙanta, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce gaskiyar kasuwar.

Idan kaya ne na jefi-jefi, kada ka ba da lamba guda. Ba da tazara, ka rubuta ciniki nawa aka gina ta a kai da ranar na ƙarshe, da manyan baƙi ba a ƙasan shafi ba. Ta wuce wata uku ba sabon ciniki? Ka dusar da launinta ko ka cire ta, ka bar tarihin. Idan kuwa kaya ne mai kan kansa, mai zane ko lambar tsufa ko sitika da ke sauya kimarsa, abin da ya dace a ƙarƙashinsa gargaɗi ne: wannan zai iya fin irinsa nesa ba kusa ba, nemi masu sani fiye da ɗaya kafin ka sallama.

Wurin da lambar ta fi amfani ma ba kan hoton kaya ba ne, daidai lokacin amincewa ne. Saƙo guda da ke cewa abin da za ka bayar ya ninka abin da za ka karɓa sau goma, ka tabbata? zai ceci yara fiye da lambobi dubu da ke warwatse a shafi, kuma ba ya takura wa tsofaffin hannu. Ka gargaɗi mutum, kada ka hana shi. Wataƙila ƙaninsa yake yi wa kyauta.

Sai tambayar da mai ciniki ya kamata ya yi wa kowane shafi: wa ya rubuta lambar, kuma me yake ci? Shafuka da yawa su ne masu bot ɗin da ke saye da sayarwa. Idan irin wannan ya ce maka kayanka dala 40 ne nasa kuma 55, ba shawara ya ba ka ba, tayi ya yi, kuma daidai ne ka ce albarka. Mai shafin da ke da kaya a kasuwar, ko masu kula da farashinsa ke da su, ya faɗa a fili, ya kuma hana mutum amincewa da farashin abin da ke cikin jakarsa.

A wajenmu akwai ƙarin mataki. Yawancin matasan Arewa a waya suke wasa, Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, eFootball, kuma abin da aka fi ciniki a zaurukan WhatsApp da Telegram asusu ne sukutum, wanda dokokin kamfanonin suka hana, ana iya rufe shi bayan ka biya. Asusu kuwa shi ne ƙarshen kaya mai kan kansa, babu biyu iri ɗaya, don haka jadawalin farashin da shugaban zaure ya liƙa ra'ayinsa ne kawai. Ga masu cinikin kayan Steam da naira kuma, lambar tana tsufa ta fuska biyu, ta kaya da ta canji. Kafin Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Mai shafi ya ajiye kimar da dala ko da makulli, ya riƙa juya ta zuwa naira da canjin ranar, ya kuma rubuta wane canji ya yi amfani da shi da ƙarfe nawa aka ɗauko shi.